Furannin Kaka a Lambun Malam

A ƙasar Hausa, idan aka ambaci kaka, abin da ke fara zuwa a zuciyar mutum shi ne dami da rumbu da sabon tuwo. Lokaci ne da ruwa ke ɗaukewa, gero ya shiga gida, dawa ta sunkuyar da kai, yara su bazama roron gyaɗa, masu bin bashi kuma su fara tuna hanyar gidajen waɗanda suke bi. Mutane kaɗan ne ke tuna cewa kaka lokacin fure ne. Daga ƙarshen watan Satumba zuwa cikin Nuwamba akwai tsirrai da itatuwa da dama da ke buɗe furanninsu, akwai kuma ƙananan halittu da abincinsu ya rataya a kan waɗannan furanni. Wani dattijo, tsohon shugaban makarantar firamare a wani ƙauye na ƙasar Zazzau, bai san haka ba sai da ya haura shekara 60 a duniya, kuma sai da rashin sanin ya cinye masa amfanin lambu na shekara biyu.

Mutanen ƙauyen ba sa kama sunansa, Malam kawai suke cewa, domin da wuya a sami magidanci a garin wanda bai taɓa zama a ajinsa ba. Shekara 35 ya yi yana koyarwa. Darasin da ya fi so shi ne na kimiyya, a cikinsa kuwa babu babin da ya ƙware a kai kamar na sassan fure. Yakan zana fure a allo da alli kala uku, ya nuna ɓangaren namiji mai ɗauke da gari, ya nuna ɓangaren mace mai karɓarsa, sa'an nan ya rubuta kalmar barbara da manyan baƙaƙe, yara su yi ta maimaitawa har ta zauna. Sufetoci sun sha yaba wannan zane. Abin da bai taɓa yi ba a duk tsawon shekarun nan shi ne ya fitar da yaran bayan aji, inda kabewa ke yaɗo a jikin shinge, ya ce su duba da idonsu. Shi kansa ma bai taɓa tsayawa ya duba ba.

A bayan gidansa akwai lambu mai rijiya a tsakiya, wanda suka raba shi da matarsa ba tare da sun taɓa zama sun yi rabon ba. Tsakiyar lambun tasa ce. Nan yake shuka kabewa da kankana da gurji bayan marka, ya jera su a layi kamar 'yan makaranta a filin taro, domin su nuna a farkon ɗari lokacin da suke kuɗi. Gefe-gefen kuwa na Inna ne, kamar yadda kowa ke kiran matar. Ita ba ta san layi ba. Yakuwa da rama da riɗi a cakuɗe, ɗoɗɗoya a gindin rijiya, soso da duma sun lulluɓe shinge, ga zogale da shuwaka da lalle tushe biyu a kusurwa, ga wasu furannin ado masu launi-launi da 'yarsu ta kawo mata irinsu daga Kaduna. Malam kan kira wannan gefen tarkacen mata. Duk shekara sai ya ce zai share ya ƙara kunya biyu na kankana, ita kuma ta ce, "Malam, a bar mini gefena, ba ya cin na kowa." A nan maganar take tsayawa. A bayan shingen akwai wata tsohuwar tsamiya, wadda Sarkin Zuma na garin ke ɗora amya uku a kanta tun Malam yana saurayi.

Inna ta rasu a cikin wata bazara. Da damina ta sauka, sai ga tsirranta sun fito da kansu daga irin da ya zube a ƙasa, babu mai cira, babu mai tsinka. Malam ya kasa jure ganinsu. Wata safiya ya kira samari ya ba su lada, suka nome gefen tas, suka yaye soso da duma daga shinge, suka datse zogalen da shuwakar. Ya bi wurin da maganin ciyawa don kada wani abu ya sake ɗagowa. Lallen kaɗai ya bari, domin hannunsa ya ƙi zuwa gare shi. Ya kuma ɗebi wani abu daga kuɗin sallamarsa ya sayi injin feshi na goyo. Duk mako, bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, sai ya goya injin ya bi kunya-kunya da maganin ƙwari. Lambu ya yi fes, masu wucewa suna ta sa albarka.

Yaɗon ya yi kyau ƙwarai a shekarar, ganye shar, fure kuwa kamar an watsa. Sai dai 'ya'yan kabewar, da sun kai girman ƙwan kaza, sai su yi ruwan ɗorawa su yanƙwane su faɗi. Kankanar da ta tsira kuma ta fito a karkace, gefe guda ya cika, gefe guda ya tsotse. Malam ya ɗora laifin a kan iri. Da shekara ta zagayo ya sauya irin, ya ƙara taki, ya ƙara yawan feshi, amma abin ya fi na bara muni. Wannan ba ƙaramar asara ba ce a gare shi. Kuɗin fansho ba kullum suke zuwa a kan kari ba, ga kuma jikarsa marainiya a hannunsa, wadda littattafanta da kayan makarantarta duk daga lambun nan suke fitowa.

Ana cikin haka, wata ranar Laraba da hantsi, ya hangi Sarkin Zuma a kan tsamiya yana kwance igiya. Bayan sun gaisa ya ce, "Sarki, yaya ake sauke amya tun kaka ba ta fita ba?"

Sarkin Zuma ya ce, "Allah ya gafarta Malam, me zan bari a sama? Masu gida sun tashi. Biyu babu kowa sai gizo-gizo, ta ukun ma saura kaɗan. Zan kai su bakin fadama."

Malam ya ce, "To, me ya kore su?"

Dattijon ya sauko, ya kaɗe hannu, ya daɗe bai ce kome ba, domin yana jin nauyin Malam. Can ya ce, "Lokacin da marigayiya ke nan, tun daga kan hanya nake jin ƙugin lambun nan a irin wannan lokaci. Yanzu kasa kunne ka ji."

Malam ya kasa kunne. Ban da kukan wata kurciya daga nesa bai ji kome ba. Ya koma gida ransa a ɓace, yana ganin an ɗora masa laifin da ba nasa ba.

A daren nan jikar tasa, wadda ke aji biyar, ta kawo masa littafinta. Aikin gida aka ba su na zanen fure, kuma zanen da ke littafin nasa ne sak, domin malaminta ɗalibinsa ne. Ta ce, "Malam, an ce garin namiji yana zuwa wurin mace. To shi gari yana da ƙafa ne?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Amarya, ai iska da ƙwari ke kai shi." Amsar da ya ba yara sau ɗaruruwa ke nan. Amma a wannan karon, kafin ya rufe baki, sai maganar Sarkin Zuma ta faɗo masa. Ya dubi injin feshin da ke rataye a zaure, ya yi shiru har yarinyar ta tambaye shi ko lafiya.

Da asuba suka shiga lambu tare, ba tare da injin ba. A karo na farko a rayuwarsa Malam ya durƙusa gaban furen kabewa. Ya ga ashe fure iri biyu ne a jikin yaɗo guda. Akwai mai dogon wuya siriri, wanda ke da tsinke guda a ciki, cike da gari mai maƙewa a yatsa. Akwai kuma mai ɗan ƙululu a gindi, wato 'yar kabewar da ke jiran barbara. Garin yana da nauyi da danƙo, babu iskar da za ta ɗauke shi. Suka zauna suna ƙirga baƙi. Daga fitowar rana har furannin suka fara langaɓewa kafin azahar, ƙudan zuma biyu kacal suka gani a lambun baki ɗaya. Nan ne ya gane cewa furen kabewa safiya ɗaya tak yake da ita a duniya, kuma a daidai wannan safiyar ce yake bin sa da guba.

Da yake malami ne, bai yarda da zato ba sai ya gwada. Washegari ya tsinki furen namiji, ya cire masa riga, ya goga tsinken a cikin furannin mata guda goma. Yarinyar ta ɗaura wa kowanne jan zare. Wasu goma kuma suka ɗaura musu baƙin zare suka bar su yadda suke. Bayan mako guda, takwas daga cikin masu jan zare sun kama suna girma, masu baƙin zare kuwa biyu ne suka tsaya. Gani ya kori ji. Sauran kwanakin kakar nan haka suka yi ta barbara da hannu, tsoho da jika, har bayansa ya riƙe. Abin da suka samu ya biya kuɗin littattafai, amma ya tabbatar masa cewa aikin da ƙwari ke yi kyauta ya fi ƙarfin mutum biyu.

Abin da Malam ya gano a makare tsohon ilimi ne. A shekarar 1793 wani Bajamushe mai suna Christian Konrad Sprengel, wanda shi ma shugaban makaranta ne a garin Spandau, ya buga littafi inda ya nuna cewa launin fure da ƙamshinsa da ruwan zaƙin da ke cikinsa duk kira ne ga ƙwari, su kuma ƙwarin suna biya da ɗaukar gari daga wannan fure zuwa wancan. Mutanen zamaninsa ba su kula da littafin ba, sai bayan shekaru masu yawa Charles Darwin ya fito da darajarsa. A shekarar 2016 wani babban taron masana na duniya ya fitar da rahoto cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona suna cin moriyar barbarar da dabbobi ke yi, musamman ƙwari, haka kuma kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure. Ba kowane amfani ne ke cikin wannan lissafi ba. Gero da dawa da masara iska ce ke ɗaukar musu bununi. Wake da kuɓewa suna iya barbarar kansu, ko da yake ziyarar ƙwari tana taimaka musu. Amma dangin kabewa, wato kankana da gurji da agushi da soso da duma, ba su da wata dabara sai ta ɗan aike. Kowace ƙwayar iri da ke cikin kankana sai da ƙwayar gari guda ta same ta, saboda haka fure ɗaya yana bukatar ziyara da yawa. In garin ya yi kaɗan, sai ɗan ya faɗi ko ya fito a karkace.

To, me ya sa furannin kaka suka fi zama abin kula? A ƙasashen sanyi irin su Ingila, kaka ita ce ƙofar hunturu mai tsanani, wanda ƙudan zuma ke shafe watanni a cikin amya ba fita. Saboda haka masu lambu a can sukan tanadi furannin da ke jinkirin buɗewa, kamar wanda suke kira asta, su kuma ƙyale wani yaɗo mai hawa bango da ke fure daga Satumba zuwa Nuwamba, domin ƙwari su yi guzurin ƙarshe. A ƙasar Hausa sanyi bai kai ya kulle zuma a ɗaki ba. Fari ne abokin gabarta. Da ruwa ya ɗauke, ciyayi sukan bushe cikin 'yan makonni, a girbe gonaki, dabbobi su shiga, wuta ta cinye sauran. Daga nan sai jiran manyan itatuwa irin su mangwaro da kaɗanya da ɗorawa da darbejiya, waɗanda ke fure daga tsakiyar ɗari zuwa cikin bazara. Tsakanin waɗannan lokuta biyu akwai giɓi. Ma'aikaciyar zuma ba ta wuce kimanin mako shida a raye a lokacin aiki, kuma renon sabuwa daga ƙwai yana ɗaukar kusan mako uku, ga shi ba ya yiwuwa sai da garin fure. Daɗin daɗawa, zumar Afirka ba ta da haƙurin zama da yunwa. In abinci ko ruwa ya yanke, sai ta tashi gaba ɗaya ta bar amya. Wannan shi ne abin da ya faru a kan tsamiya. Gefen Inna shi ne ke cike wani ɓangare na wannan giɓi, ba tare da ta taɓa shiga aji ba.

Da bazara ta matso, Malam ya buɗe ɗakin marigayiya, wanda ya daɗe a rufe. A cikin wata tsohuwar kwalla ya tarar da ƙulle-ƙulle na tsumma, kowanne da irin da ke ciki, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Shi bai iya bambance su ba. Yarinyar ce, wadda ta taso tana bin kakarta a lambu, ta riƙa kwancewa tana faɗa masa, wannan yakuwa, wannan rama, wannan soso, wannan furen Kaduna. Wasu irin sun mutu saboda daɗewa, sai suka bi maƙwabta suka roƙo. Ya kuma ajiye girman kai ya tafi gidan Sarkin Zuma da goro, ya zauna a tabarma kamar ɗalibi, ya ce, "Sarki, ka karanta mini furanni wata-wata." Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya ji a zauren nan, da abin da ya gani da idonsa a kakar da ta biyo baya, ya rubuta su a wani tsohon littafin rajista.

Farkon abin da ya rubuta shi ne yakuwa da 'yan uwanta, rama da kuɓewa. Yakuwa ba ta fure sai rana ta fara gajarta, wato daidai shigowar kaka. Furenta fari ne mai ɗan rawaya ko ja-ja, da jan ido a tsakiya, yana buɗewa da safe ya rufe a ranar, gobe wani ya maye gurbinsa, a haka har makonni. Riɗi kuwa furensa kamar ƙaramar ƙararrawa yake, ƙudan zuma kan kutsa ciki gaba ɗaya ya fito da gari a baya. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2017, ya nuna cewa ziyarar ƙudan zuma tana ƙara yawa da ingancin riɗi da auduga. Soso yana da faffaɗan fure rawaya mai jawo ƙudan zuma da kuma wani babban baƙin ƙwaro mai ƙugi, wanda ke huda busasshen itace ya yi gida. Wannan ƙwaro shi ma dangin zuma ne, kuma yana da wata baiwa da ƙudan zuma ba shi da ita: yakan kama furen tumatir ko na gauta ya girgiza shi da ƙuginsa har garin ya zubo. Shi ne kuma babban baƙon zogale. Ɗoɗɗoya, in an bar ta ta yi tsiko ba a tsinke kanta ba, ƙananan furanninta sukan tara galla da sauran ƙananan dangin zuma marasa harbi. Duma kuwa sai da yamma yake buɗe farin furensa, saboda baƙinsa masu tashin dare ne.

Furen Kaduna, wanda ya gano daga baya cewa sunansa ziniya, asalinsa daga ƙasar Meziko ne, shi da wani mai siraran ganye da ake kira kosmos. Dukansu suna jure zafi, suna ci gaba da fure har cikin ɗari in ana ba su ruwa ana kuma cire waɗanda suka bushe. Malam-buɗe-littafi ba ya rabuwa da su, domin faɗinsu ya ishe shi sauka. A nan Malam ya lura da wani abu. Furen da ke buɗe, wanda ake ganin tsakiyarsa, shi ƙwari ke zuwa wa. Wanda aka inganta don ado har ya cunkushe kamar gammo, ko kallonsa ba sa yi, saboda babu hanyar shiga. Ya kuma lura cewa ƙudan zuma ya fi karkata ga rawaya da fari da shuɗi fiye da ja. Wannan ma sananne ne tun daga aikin Karl von Frisch, masanin ƙasar Ostiriya wanda ya sami kyautar Nobel a 1973. Shi ne ya tabbatar da cewa ƙudan zuma yana bambance launuka, ya kuma fassara rawar da mai kiwo ke yi a kan saƙa don ta nuna wa 'yan uwanta inda abinci yake da kuma nisansa. Ke nan in an shuka fure iri ɗaya a dunƙule, labarinsa ya fi saurin kaiwa gida fiye da tushe ɗaya nan ɗaya can.

A kan itatuwa kuwa Sarkin Zuma ne ya yi masa karatu. Magarya da kurna suna fure a ƙarshen damina zuwa cikin kaka. Furen ƙanana ne, kore-kore, ido ba ya kula da su, amma ƙwari suna dafifi a kansu. Zumar nan mai tsada da ake kawowa daga Yaman, wadda alhazai ke sayowa, daga furen kurna take. Sai gawo, wanda ya saba wa sauran itatuwa: yana kaɗe ganye da damina, ya tofo sabo idan ruwa ya ɗauke, ya yi fure a farkon rani lokacin da daji ke bushewa. Manoman ƙasar Damagaram sun daɗe da sanin darajarsa, shi ya sa gonakinsu ke cike da shi. Daga ƙarshe sai shuwaka, wadda yawancin mutane ba su taɓa ganin furenta ba saboda kullum ana datse ta don miya. In an bar tushe ɗaya ya girma, da ɗari sai ya lulluɓe da fararen furanni masu ƙamshi, ya riƙe zuma har mangwaro ya karɓa.

Fure kaɗai bai wadatar ba. Malam ya ajiye tsohon kasko a gindin rijiya, ya zuba tsakuwa da guntayen kara a ciki, yana cika shi da ruwa kowace safiya, don ƙwari su sami wurin sauka su sha ba tare da sun nitse ba. Ya daina ƙone karan da ke jikin shinge, ya bar wani busasshen reshe a kusurwa, ya kuma bar wani ɗan fili ba ya taɓa shi da fartanya. Dalili kuwa shi ne, dangin zuma a duniya sun kai nau'i 20,000, kuma mafi yawansu ba sa zama a amya, ba sa yin zuma. Kowace uwa ita kaɗai take gina ɗakinta a cikin ƙasa ko a cikin kara ko itace. Injin feshin bai jefar da shi ba, domin ya san akwai shekarar da tsutsa kan yi wa manomi rantsuwa, kuma mai wake in bai yi feshi ba sau da yawa ba ya tsira da kome. Abin da ya sauya shi ne lokaci da dalili. Ba ya feshi sai ya ga ɓarna da idonsa, ba ya yi sai gab da magariba bayan ƙwari sun koma, kuma ba ya taɓa buɗaɗɗen fure.

A kaka ta uku ba kome ne ya dawo ba. Maƙwabtansa na gabas da na yamma suna nan suna feshin safe, ɗayansu ma dariya ya yi masa, ya ce tsufa ya sa Malam noman fure. Sarkin Zuma ya mayar da amya biyu kan tsamiya, ɗaya ce kawai zuma ta shiga. Amma wata safiya a cikin Oktoba, suna zaune da littafin rajista, yarinyar ta ƙirga baƙi a furen kabewa guda har ta ɓata lissafi. Jan zare bai ƙara amfani ba. Kankanar ta fito a mulmule, an kuma sami yakuwa da riɗi da soso na sayarwa daga gefen da a da yake kira tarkace. Da lallen ya yi fure, ƙamshinsa ya cika lambun da yamma, Malam ya daɗe a tsaye a kusurwar nan. Yarinyar ta ji yana cewa a hankali, "Ashe da gaskiyarki, ba ya cin na kowa."

Ranar Litinin da ta biyo baya ya saka babbar riga ya tafi tsohuwar makarantarsa. Malamin aji biyar ya taso da sauri ya durƙusa ya gaishe shi. A allon bayansa akwai zanen fure da alli kala uku. Malam ya dube shi, ya ce, "Zanen nan nawa ne, kuma babu kuskure a cikinsa. Amma na koya maka shi da saura. Gobe ka kawo mini yaran nan lambu da ƙarfe bakwai, kowa da fensir da takarda. Ka gaya musu kada wanda ya makara, domin furen ba ya jiran kowa." Washegari yara fiye da 40 suka durƙusa a tsakanin kunyoyi, kowane biyu da furensu, suna ƙirga baƙi. Jikarsa ce ke zagayawa tana nuna musu wanne ne namiji, wanne ne mace. Shi kuwa yana zaune a bakin rijiya kusa da Sarkin Zuma, wanda ya gayyato don ya amsa tambayoyin da suka fi ƙarfinsa.